Rabin Daƙiƙa Ma Amana Ce

'Yan'uwana masu rubuta manhaja, maza da mata, musamman waɗanda ba a cika ambaton sunansu ba ranar da aka ƙaddamar da sabon abu: masu gwaji, masu bin diddigin kuskure, masu zama bayan kowa ya tashi suna tambayar me ya sa wannan shafi ke jan ƙafa. Da ku nake magana yau, ko kana ofis a Kano ko Kaduna, ko kina aiki daga ɗaki a Yamai da laftof ɗin da batirinsa ya fara gajiya. Abin da nake so ya zauna a zukatanku guda ɗaya ne. Wanda ya iya auna lokacin da furosesa ke kashewa a kan aikinsa, ya kuma iya gwada ma'aunin kansa, ya riƙe gaskiyar sana'arsa a hannu, kuma babu mai iya ƙwace masa ita.

Na san yadda ake kallon wannan aiki. Ana ganin gina sabon abu shi ne jarumta, awo kuwa aikin wanda ba shi da abin yi ne. Mai gidan aiki yana son ya ga sabon maɓalli a allo, ba ya son jin labarin milisakan. Kada wannan ya karya muku gwiwa. Manhajar da ba a auna ba, a kan zato take tafiya, zato kuwa zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Mu fara da abin da ya kamata kowane ɗan sana'a ya haddace: agogo biyu ne a cikin wannan aiki, kuma kowanne da tambayar da yake amsawa. Ka kai wa tela yadi ranar Litinin, ka karɓi riga ranar Juma'a. A lissafinka ɗinkin ya ɗauki kwana biyar. Amma in ka ƙirga lokacin da ƙafar telan ke kan keke saboda rigarka kaɗai, ba zai wuce awa uku ba. Sauran duk jira ne: jiran layi, jiran zare, jiran a kawo wuta. Kwana biyar ɗin nan shi ne lokacin agogon bango. Awa ukun kuwa shi ne lokacin furosesa, wato lokacin da ƙwaƙwalwar kwamfuta ta duƙufa a kan shirinka ita da kanta.

A kan Linux, da duk dangin Unix, ba ka bukatar sayen komai don ka ga wannan da idonka. Ka rubuta time a gaban sunan shirinka, ka danna. Idan ya gama za ta ba ka layi uku. Na farko, real, shi ne agogon bango. Na biyu, user, lokacin da furosesa ta yi tana gudanar da kod ɗinka. Na uku, sys, lokacin da zuciyar babbar manhaja ta yi tana yi maka hidima, kamar buɗe fayil ko ware maka wuri a ma'adana. Ka haɗa na biyu da na uku, ka sami lokacin furosesa.

Yanzu ka tsaya ka karanta lambobin da kyau, domin magana suke yi. A ce real ya nuna daƙiƙa 10, user da sys a haɗe ba su kai rabin daƙiƙa ba. Shirinka ba aiki ne ya yi masa yawa ba, zaman jira yake yi: ko yana jiran intanet, ko rumbun bayanai, ko faifai. In ka kwana kana gyara lissafin da ke cikinsa, ka yi aikin banza, domin ciwon yana wani wuri. A ce kuma real 10 ne, user ya kai 9 da ɗoriya. To nan furosesa ce ke gumi, kuma a cikin kod ɗinka matsalar take. Wani lokaci za ka ga abin mamaki: real 10, user 35. Kada ka ce na'ura ta haukace. Furosesarka mai kawuna huɗu ce, kuma shirin ya raba musu aiki suna yi tare, sai aka tara gumin kowanne. Layi uku kacal, amma sun raba ka da lalube a cikin duhu. Gani ya kori ji.

Kada ka ji kunyar cewa wannan bambanci ya taɓa ruɗa ka, domin ya daɗe yana wahalar da manya. A harshen Python akwai wani tsohon aiki mai suna time.clock(). Shekara da shekaru mutane suna amfani da shi suna auna saurin shirye-shiryensu. Amma a kan Unix lokacin furosesa yake bayarwa, a kan Windows kuma lokacin agogon bango. Suna ɗaya, ma'ana biyu. Mutum biyu za su gudanar da kod iri ɗaya a kwamfutoci biyu, su sami amsa mabambanta, kowa ya rantse tasa ce daidai. A 2012 Victor Stinner da abokan aikinsa suka gabatar da takardar shawara mai lamba 418, aka karɓa, sai Python 3.3 ta fito da agogo daban-daban, kowanne da aikinsa a fili. Akwai time.perf_counter() don auna tazarar lokaci ta agogon bango, har da lokacin barci. Akwai time.process_time() don lokacin furosesa zalla, user da sys a haɗe, ba ya ƙirga barci. Akwai time.monotonic(), agogon da ba ya komawa baya ko da an gyara lokacin kwamfuta. Shi kuwa tsohon time.clock() aka yi ta gargaɗi a kansa har aka cire shi gaba ɗaya a Python 3.8, a 2019. A tsakani, Python 3.7 ta 2018 ta ƙaro time.thread_time() don auna zare guda na aiki, da kuma 'yan'uwan waɗannan agogo masu ba da amsa da nanosakan. Shekara bakwai aka ɗauka kafin a gama sallamar agogo ɗaya mai baki biyu. Mutane ne irinku suka yi wannan haƙuri, da yawansu ma aikin sa kai suke yi.

Ga inda nake so ku tsaya ku duba da kyau, domin a nan gwanintar take. Yaya za ka gwada agogo? Idan ka rubuta aikin da ke haɗa 2 da 3, gwajinsa mai sauƙi ne, amsa 5 ce kullum. Amma agogo ba ya ba da amsa ɗaya sau biyu. To, masu kula da Python sun rubuta wa time.process_time() gwaji ɗan ƙarami mai cike da hikima. Suna karanta agogon, su sa shirin ya yi barci na milisakan 100, su sake karantawa, sannan su ce dole bambancin ya gaza milisakan 20. Ka lura da dabarar. Ba su nemi sanin adadin da agogon zai faɗa ba. Halinsa suka gwada: agogon furosesa na gaskiya ba ya tafiya lokacin da shiri ke barci. In ya ƙirga milisakan 100 ɗin nan, to agogon bango ne ya yi shigar burtu.

Me ya sa milisakan 20, ba sifili ba? Domin sun san na'urar da suke aiki da ita. A kan Windows, lissafin lokacin furosesa yana tafiya ne da taku-taku na kusan milisakan 15.6, wato sau 64 a daƙiƙa. Zai iya yiwuwa takun ya faɗo daidai tsakanin karatunka biyu. In ka tsananta ka ce sai sifili, gwajinka zai ci yau ya faɗi gobe ba tare da kowa ya taɓa komai ba, kuma gwajin da ke faɗuwa babu dalili shi ne wanda abokan aiki ke daina saurara. Sai suka bar ɗan sarari wanda ya wuce taku ɗaya, amma ya yi nisa ƙwarai da 100. Wannan shi ne aikin mai hankali, kuma babu abin da zai hana ka yin irinsa yau.

Ka ƙara masa ɗan'uwansa ta ɗaya gefen. Ka sa shirin ya yi ta lissafi ba hutu na wani ɗan lokaci, sannan ka tabbatar agogon ya motsa gaba. Gwaji na farko yana kama agogon da ke ƙirga abin da bai kamata ba. Na biyu yana kama agogon da ya mutu yana ba da sifili kullum, wanda da zai tsallake na farko lafiya lau. Ka kuma tabbatar karatu na biyu bai taɓa gaza na farko ba. Da waɗannan ukun ka ɗaure agogon ta kowace fuska.

Akwai ramuka a hanya, gara ku san su tun da wuri. Lambar da process_time() ke bayarwa ita kaɗai ba ta da ma'ana, sai ka ɗebe karatun farko daga na biyu. Ba ya kuma ƙirga ƙananan shirye-shiryen da naka ya haifa. In shirinka yana tura aiki ga wasu, sai ka nemi os.times() ko resource.getrusage(), su ne ke da lissafin 'ya'ya. Masu rubutu da harshen C kuma su tuna da clock(): sai an raba amsarsa da CLOCKS_PER_SEC kafin a sami daƙiƙa, kuma ƙa'idar POSIX ta tsayar da wannan adadi a kan 1,000,000. A kan na'ura mai bit 32, lambar tana cika ta sake komawa farko bayan kusan minti 72. Wanda bai san haka ba zai ga aikin da ya daɗe yana gudana ya ba shi lissafin da ba ya shiga hankali. Idan kuma abin da kake aunawa ƙanƙane ne ƙwarai, awo ɗaya ba ya isa. Shi ya sa aka yi timeit a Python, mai maimaita aikin sau da yawa, kuma masu shi suna ba da shawarar a ɗauki mafi ƙarancin lokaci, domin duk abin da ya haura shi yawanci hayaniyar sauran shirye-shirye ce da ke gogayya da naka.

Wani zai ce, ai ni na san inda shirina ke da nauyi, ni na rubuta shi. Ɗan'uwa, a nan ne ƙwararru ke faɗuwa. Tun 1971 Donald Knuth na Jami'ar Stanford ya tattaro shirye-shiryen Fortran na gaske ya auna su, ya gano cewa ƙasa da kashi 4 cikin 100 na shiri ne yawanci ke cinye fiye da rabin lokacin gudunsa. Ka yi tunani a kan wannan. A cikin layi ɗari, uku ko huɗu ne ke shan fiye da rabin man. In ka bi zato, za ka ɓata mako kana goge layukan da ba su da laifi, ka rikita kod mai tsabta, saurin kuma bai ƙaru ba. In ka kunna cProfile na minti biyu, zai jera maka ayyukan ɗaya bayan ɗaya, da yawan kiran da aka yi wa kowanne, da lokacin da ya ci. Sai ka miƙe kai tsaye zuwa ga mai laifin. Grace Hopper, wadda ta kai matsayin babbar hafsa a rundunar sojan ruwan Amurka, takan raba wa masu sauraronta guntayen waya masu tsawon kusan santimita 30, nisan da haske ke ci a nanosakan ɗaya, don su riƙe lokaci a hannu su daina wasa da shi. Damin wayar da ke wakiltar maikurosakan ɗaya kuwa ya kusa mita 300.

Idan har yanzu kana ganin wannan ƙaramin aiki ne, ka saurari abin da ya faru a watan Maris na 2024. Andres Freund, injiniya Bajamushe mai aiki da Microsoft, ɗaya daga cikin masu kula da rumbun bayanai na PostgreSQL, yana zaune yana awon sauri. Mai irin wannan awo yana son kwamfuta ta yi tsit, kada wani shiri ya dagula masa lissafi. Sai ya lura sshd, shirin da ke tsaron ƙofar shiga sabobi daga nesa, yana cin furosesa fiye da ƙima, har ga masu ƙoƙarin shiga da sunan da babu shi, waɗanda ake kora nan take. Shiga da ke ɗaukar kusan kashi uku cikin goma na daƙiƙa ta koma kusan kashi takwas. Rabin daƙiƙa ke nan ya ƙaru.

Mutum nawa ne za su ɗaga kafaɗa su wuce? Shi bai wuce ba, domin ya san ruwa ba ya tsami banza. Ya ɗauko kayan awo ya bi sawun lokacin, ya ga yana zurarewa cikin liblzma, wani ɓangare na xz, manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace kwamfutar Linux. Ya ci gaba da tono har ya iske ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa da gangan a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya yi fiye da shekara biyu yana ba da gudummawa yana neman yarda har aka ba shi ikon taɓa manhajar. Da ƙofar ta isa manyan fitowar Linux da duniya ke dogaro da su, da mai riƙe da mabuɗinta ya sami hanyar shiga sabobi marasa adadi. A ranar 29 ga Maris Freund ya sanar da duniya, aka yi maza aka janye gurɓatattun fitowar tun suna matakin gwaji a mafi yawan wurare. Shirin shekara biyu ya rushe a hannun mutum ɗaya da ya ƙi raina rabin daƙiƙa. Kayan aikin da ya riƙe irin naku ne, tambayar da ya yi kuma ita ce wadda kuke yi kullum: ina lokacin ya tafi?

Akwai kuma darasi ta ɗaya fuskar. A ranar 2 ga Yuli, 2019, kamfanin Cloudflare ya saki sabuwar ƙa'idar tace zirga-zirga mai ɗauke da tsarin binciken rubutu guda ɗaya da ke komawa baya yana sake lalube ba iyaka. Furosesoshin sabobinsu a faɗin duniya suka cika maƙil, shafukan intanet masu ɗimbin yawa suka ɗauke na minti 27. Da suka yi bayanin abin da ya faru, sun faɗa da bakinsu cewa gwaje-gwajensu ba su da hanyar gane cin furosesa da ya wuce ƙima. Ƙa'idar ta ci duk gwajin daidaito, tana ba da amsar da ake so. Abin da ba a tambaye ta ba shi ne nawa take ci. Rigakafi ya fi magani, kuma a wannan sana'a mai gwaji shi ne mai rigakafin.

Mu kuwa, wannan magana ta fi kama mu fiye da kowa. Ku tuna wa kuke yi wa aiki. Mai shago ne da ƙaramar wayar Android da ya saya da guminsa. Ɗaliba ce mai duba sakamakon jarrabawa da ragowar caji, wuta kuma ba ta da ranar dawowa. Mai POS ne a bakin kasuwa, layi ya taru a gabansa, rana tana dukansa. Duk daƙiƙar da manhajarka ta sa furosesa aikin banza, daga batirin ɗayansu ta fito, wayarsa ce ke zafi a hannunsa, kuɗin cajinsa ne ke tafiya. Idan kuma sabar haya kuke amfani da ita, kun san da dala ake biya, kun kuma san abin da dala ke yi wa naira. Shirin da ka rage masa cin furosesa da rabi zai iya zama a ƙaramar saba maimakon babba. Wannan kuɗi ne da ya tsaya a gida, wataƙila ma albashin wani ne. Mutanen nan ba za su taɓa sanin sunanka ba, amma haƙƙinsu yana wuyanka, kuma sauƙin da ka kawo musu Allah yana gani.

Kada kowa ya ce maka sai kana da babbar kwamfuta ko takardar ƙasar waje kafin ka shiga wannan fage. Umarnin time kyauta ne. process_time(), timeit da cProfile suna zuwa tare da Python, ba a ƙara ko kwabo. Tsohuwar laftof ɗinka ma alheri ce a nan, domin nauyin da sabuwar na'ura ke ɓoyewa ita za ta tona shi, kuma ta fi kusa da abin da ke hannun jama'arka. Abin da ake bukata daga gare ka shi ne natsuwa, da riƙon gaskiya wajen rubuta abin da ka gani ko da bai yi maka daɗi ba. Idan gyaranka bai ƙara sauri ba, ka faɗa. Idan awon ya ƙaryata ra'ayin babba, ka kai masa lambobin cikin ladabi. Ma'aikacin da ke zuwa da lamba a hannu ba a daɗewa ana raina shi.

Ku kuma shugabannin aiki, ranku ya daɗe, ku ba yaranku lokacin awo. Idan yarinya ta zo ta ce ta ga wani aiki yana cin furosesa fiye da jiya, kada a ce mata ta bari sai an gama abin gaggawa. A saurare ta, a ba ta rana ɗaya ta bi sawu. Ku yaba wa wanda ya hana gobara kamar yadda kuke yaba wa wanda ya kashe ta.

Saboda haka gobe da safe, kafin ka buɗe sabon aiki, ka ɗauki shiri ɗaya da ka riga ka rubuta. Ka sa masa time a gaba, ka rubuta lambobin uku a littafinka tare da kwanan wata da sunan na'urar. Ka kunna cProfile ka ga aikin da ke saman jeri. Ka gyara wannan guda ɗaya kawai, ka sake aunawa, ka kwatanta. Sannan ka rubuta gwajin da zai yi kuka duk ranar da wani ya mayar da nauyin, ka bar masa sararin da ya dace da takun agogonka. In ka gama, ka kira ƙaninka a wurin aiki ka nuna masa yadda ka yi, shi ma ya koya wa na bayansa. Ku tashi, 'yan'uwa, ku ɗaura ɗamara. Sana'ar nan taku ce, kuma kun isa ku riƙe ta da ƙarfi. Allah ya yi wa hannuwanku albarka, ya sa guminku ya amfani al'umma.